Sista Ban Yarda Ba da Littafin Gajere

Ƙarfe bakwai na safe ta riga ta buɗe ɗan ɗakin shan maganin da ke bayan garejin kamfanin motocin haya, ta goge tebur, ta warware na'urar awon jini, ta zauna jiran maƙaryata. Haka take kiran direbobi, kuma a gaban idonsu. Su kuwa suka laƙaba mata Sista Ban Yarda Ba. Shekara ashirin da shida ke nan, ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Ba ta yarda da awon farko. Sai ka zauna minti biyar, ka jingina, ka yi shiru, sannan ta sake. Ka ce ka sha magani, ta ce fito da kwalin. Ka ce ka rage gishiri, ta tambayi wa ke maka girki. Ka ce ko ciwon kai ba ka ji, ta ce hawan jini ba ya sallama, mutum na cikin raha yake faɗuwa. Wallahi da yawa sun tsane ta, don dokar kamfani ce duk wanda jininsa ya hau a sauke shi daga doguwar hanya sai ya daidaita, kuma ita ke sa hannu. Har cewa aka yi 'yar rahoton manaja ce.

Wani direba da ake kira Gajere ya fi kowa musu. Kullum jininsa a sama, kullum ya ce ganin fuskarta ne ke tayar masa da shi. Ta ce ana yin haka, ta ba shi na'ura da littafi, ya auna a gida safe da yamma, ya rubuta duk abin da ya gani.

Bayan wata guda ya dawo da littafi tsaf, yana ta washe baki. Kyan lambobin ne ya dame ta. Shekara shida tana riƙe hannun Gajere, bugun zuciyarsa bai taɓa wuce sittin da biyar ba, ga shi a littafi casa'in da ɗoriya. Ta ƙi sa hannu cewa jininsa ya daidaita, ta ce ya ƙara mako biyu. Da ya komo, lambobin sun soma hawa, har ɗari da hamsin bisa ɗari. Shi ko a jikinsa, tunda dai sun fi nasa na gaskiya kyau.

Ta tashi ta tura ƙofa.

"Gajere, hannun wa kake aunawa?"

Ya hau rantsuwa. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce ba don manaja take tambaya ba. "Ko wane ne, jininsa na hawa da gudu, kuma ba wanda ke kula da shi. Faɗa mini tun yana da rai."

Sai ya ce matarsa ce. Ciki gare ta, wata takwas, kuma shi ya ce ta daina wahalar zuwa awo tunda ga na'ura a gida. Sista ta tambaye shi ƙafafunta, ya ce sun kumbura. Ciwon kai fa? Kwana uku ke nan, har tana cewa tana ganin dishi-dishi, sun ɗauka laulayi ne. Tsoro ya kama Sista sosai, abin da ba a saba gani ba. Ta suri jakarta ta ce ya tayar da mota.

A asibiti aka riƙe matar nan take. Likita ya ce saura ƙiris jijjigar masu ciki ta kama ta. Bayan kwana biyu aka yi mata aiki, aka ciro 'yar mace, uwa da 'ya lafiya. Kada ku ɗauka Sista ta yi wa Gajere sassauci, ina! A makon ta sauke shi daga doguwar hanya, sai da ya yi wata uku yana shan magani a gabanta.

Sista, ke ce mai zargin da ke raya mutum. Ke ce kika gwammace a zage ki da a binne wani. Mun yi miki mummunan zato shekara da shekaru, kin ji, kin share, kin ci gaba da ɗaura mana na'ura. Ki yafe mana. Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku da za ku gaji kujerar nan, ku karanta lambobi da ido biyu, kada murmushin mara lafiya ya ruɗe ku. Mu kuma mu miƙa hannunmu na gaskiya a auna, mu sha magani ko muna jin garau.

Sista, jiya na ga matar Gajere da goyonta. Ta ce in gaya miki ta gode da ba ki yarda da mijinta ba.