Takardar Kawu Mai Leda

Sana'ata hatsi ce. Na fara da kai gyaɗa a keke tsakanin Tarai da Kibiya, yau ina da rumfa da sito a Rano, ina sayen masara da dawa da riɗi. Ban yi nisa a boko ba, amma na iya waya, domin ciniki ya koma cikinta. Shi ya sa duk wani fom da za a cike a danginmu, wurina ake zuwa.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, manomi ne a Tarai. Idonsa na hagu ya mutu tun yana saurayi, ƙaya ce ta soke shi a gona. Da na dama ya yi noma, ya aurar da 'ya'yansa, ya ga jikoki. Sai yanar ido ta fara rufe wannan ɗin ma. Na lura ne ranar da ya kawo riɗinsa rumfata, na ga ya ɗaga ƙafa ya tsallake inuwar turken rumfa kamar mai tsallake kwata.

Bayan girbi aka sanar a rediyo cewa wata ƙungiya za ta kawo likitoci yankinmu su yi aikin ido kyauta, amma sai mutum ya yi rajista ta intanet. Na aika aka ɗauko Kawu a babur. Ya zauna a kan buhu, ina tambaya yana ba ni amsa, har muka zo kan shekaru.

"Sa sittin," in ji shi.

"Kawu, mahaifiyata ta haura saba'in, kuma ta ce tsiranku kaɗan ne."

"To sa abin da ta ce. Tun muna yara ba ta bari in yi gaskiya."

Na danna, waya ta yi ta juyi saboda ƙarancin sabis, can sai shafin ƙarshe ya fito. Koren maki a sama, sunan Kawu, lambarsa, da ranar aiki da wurin da za a yi. Rubutun ƙanana ne, da Turanci, sai da na kai wayar kusa da hancina. Na ja shafin sama, na ja ƙasa, babu wani ƙari.

A wajenmu abin da ke cikin waya bai zama shaida ba sai ya koma takarda. Mun saba a ɗauki hoton fuskar wayar, a kai wa mai buga takardu a bakin tasha, ya fitar, ya liƙe ta da leda don gudun ruwa da gumi. Haka na yi wa Kawu, haka masu cajin waya suka yi wa mutanen Yalwa da Unguwar Gai da ko'ina. Kawu ya sa tasa a aljihun gaba tare da katin zaɓe. Matarsa ta gaya mini ko masallaci za shi sai ya shafa aljihun ya ji tana nan.

Ranar aiki na rufe rumfa na kai shi da kaina. Harabar wurin ta cika da tsofaffi, kowa da mai ja masa sanda, kowa da takardarsa mai leda tana ƙyalli a rana. Kawu ya sa sabuwar riga. Wani tsohon Bafulatani, abokin cinikinsa na shanu, ya ji muryarsa a layi.

"Kaɗo, kai ma ka zo? Me ya rage maka ka gani a duniya?"

"Fuskarka nake so in gani, in tabbatar har yanzu muninta na nan."

Aka yi dariya. Ita ce dariya ta ƙarshe da na ji a wurin.

Da muka isa teburi, ma'aikaciyar ta duba lambar Kawu a kwamfutarta, ta ce bai zo gwaji ba. Na ce wane gwaji? Ta ce an sa kowa ya zo a makon da ya wuce a auna jininsa da suga, a duba idon, kuma wanda ba a auna ba likita ba zai taɓa shi ba. Ta ce an rubuta a shafin. Na miƙa mata takardar, na ce ta nuna mini wurin. Ta duba, ta juya bayanta, sannan ta juyo mini da kwamfutar. Shafin nan ne dai, amma a faffaɗar fuska yana da ɓangare biyu. Na hagu shi ne wanda muka sani. A dama akwai akwati mai jan layi, a ciki an rubuta ranar gwaji da gargaɗin cewa wanda bai zo ba ya rasa gurbinsa. A waya wannan akwati yana can waje, bayan gefen gilashi, kuma babu wata alama da ke nuna akwai shi.

Waɗanda aka yi wa rajista a kwamfuta, ko suke da ɗa ma'aikaci a birni, su suka zo gwaji, su aka shigar. Mu da muka fi yawa aka ce mu jira zuwa na gaba. Matar ba ta yi mana wulaƙanci ba, idonta ma ya kawo ruwa. Amma masu auna jinin sun riga sun koma, likitocin kuma kwanakinsu ƙidayayyu ne.

A hanyar komawa, da muka wuce Kibiya, Kawu ya juyo gare ni.

"Na sallami mutane da safe," ya ce. "Na ce musu da idona zan dawo."

Na ce ya bar wannan, zan kai shi Kano in biya a yi masa. Na ce ya bari in dawo daga sayen riɗi, domin na riga na yi alkawari da masu mota. Ya ce to. Na san wannan "to" ɗin nasa, irin wanda yake ce wa mai saye ne idan farashi bai yi masa ba, amma na ɗauka zai jira.

Bai jira ba. Ina can aka zo kasuwar Kibiya da wani mai maganin ido na gargajiya, irin masu sa tsinke su tura yanar can cikin ido. Wasu daga cikin waɗanda aka mayar ranar nan suka je, Kawu ya bi su, bai gaya wa kowa a gida ba. An ce da aka gama ya ga hasken rana da inuwar mutane, har ya yi sadaka. Kwana kaɗan idon ya kumbura, ya yi ja, ciwo ya hana shi cin abinci. Ko da na dawo na kai shi Kano, likita ya haska fitila ya daɗe yana dubawa, sannan ya ja ni gefe. Ya ce za su kashe ciwon, amma gani ya tafi.

Bayan wannan na nemi ofishin ƙungiyar. Ban je faɗa ba, na daɗe a kasuwa na san faɗa ba ya dawo da kaya. Aka haɗa ni da wanda ya tsara shafin, wani mutum mai sanyin magana. Na ajiye wayata a teburinsa, na ajiye takardar Kawu kusa da ita, na ce ya buɗe shafinsa a nan. Ya buɗe, ya ja sama, ya ja ƙasa. Ya ce a kwamfuta ya gina shi, a kwamfuta aka duba aka amince, kuma an ba shi aikin ne a ƙurarren lokaci. Na yarda da shi.

Ya tambaye ni yadda mutanenmu ke yi da shafin, na gaya masa zancen hoto da leda. Bai taɓa ji ba. Na ce to ya sani duk abin da bai shiga hoto ɗaya na ƙaramar waya ba, babu shi. Ya jera komai a layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Abin da mutum zai fara yi shi ne a sama, da manyan baƙaƙe, da Hausa. Koren makin nan ya cire shi ko ya kai shi ƙasa, domin mu in mun ga kore mun ɗauka an gama. Kuma ya gwada a irin wayar da ake sayarwa a kasuwar ƙauye, mai fasasshen gilashi, a tsakiyar rana. Ya rubuta duka. Ya roƙi in bar masa takardar, na ce ba tawa ba ce.

Da suka dawo a shekara ta gaba, shafin ya gyaru. Ranar gwaji ce farkon abin da ido zai sauka a kai, kuma saƙo yana biyowa a waya. Na cike wa mutane da dama a rumfata, na ga wasunsu daga baya suna tafiya ba mai ja musu sanda. Bafulatanin nan yana cikinsu.

Na je Tarai na gaya wa Kawu, ina ganin ya kamata ya sani. Na same shi a zaure yana ɓare gyaɗa da lalube, aikin da ya rage masa ke nan. Ya saurara har na gama.

"Yanzu duk ya fito a wayar?"

"Duk ya fito, Kawu."

"To madalla."

Ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro takardar, ledar ta dushe, gefenta ya fara buɗewa. Ya miƙo ta saitin da yake jin muryata, ya ɗan kauce, sai da na matsa na karɓa.

"Kai wa mutumin naka, tunda ya ce yana so," ya ce. "Ka turo mini kwanon nan kusa, na rasa inda yake."