Dattijon da Ke Kashe Mota Don Ya Ji da Kyau

A wurin ajiye motoci na wani kanti, wani dattijo yana zaune cikin motar da ke kusa da tawa, tabarau a karan hanci, hula ta zame ƙeya. Ya soka sabon akwatin waifai mai ba da intanet, wanda bai fi sabulu girma ba, a ramin caja. Ko ledar jikinsa bai ɓare ba.

'Yarsa ce a waya, ta bidiyo, tana koya masa sauya lambar sirri, kiran kuwa ta waifan yake bi. Na ji yana gaya mata jikoki sun ce in babu waifai, sun daina shiga motarsa.

"Tsaya in kashe mota in ji ki da kyau," in ji shi.

Yana murɗa makulli, akwatin ya mutu, fuskarta ta daskare. Ya tada mota, ta dawo tana faɗa. Ya sake kashewa.

Na leƙa na ce, "Malam, bar ta a kunne. Da wutar mota akwatin yake aiki."

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Ashe ni nake katse yarinyar!" Sai ya ƙura wa wayar ido, inda sunayen waifan da ke kusa suka fito. "To wannan 'Baba kar ka taɓa' fa, waifan waye?"

"Na motata ne. 'Yata ce ta sa masa suna."

"Kai ma tana yi maka faɗa ke nan."

"Sosai," na ce.

Bara ta rasu. Tufafinta mun rabar, littattafanta suna wurin ƙannenta. Akwatin motata yana nan inda ta soka shi, ban taɓa ba.