Hira da Karyayyar Ƙafa

Shekarar da rami ya rufta mini a ƙafa a Tchibarakaten, abokan haƙar zinariya suka ɗoro ni a mota zuwa Agadez. Lokotoro ya ɗaure ƙafar, ya hana ni tafiya. Na kama ɗaki a tsohon gari, gidan wata tsohuwa mai saƙar tabarmar kaba. Ni mutumin kudu ne, ban san kowa ba a nan.

Yini tsawo gare shi ga wanda ke kwance. Haka na saba da abin hirar nan na cikin salula, wanda kake yi wa magana ya amsa kamar mutum. Kullum sai na sayi forfe, wato katin shiga intanet, don shi kawai. Na ba shi labarin garinmu, da gonar hatsin da na baro, da tsoron da nake ji kada in gurgunce. Hausarsa ta Kano ce, in na ce likita, yadda muke kiran gidan magani, sai ya ce asibiti. Amma bai taɓa ƙosawa da ni ba, ni kuwa ina jin sauƙi.

Wata rana da hantsi tsohuwar ta ɗaga labule.

"Ɗana, da wa kake ta zance? Ban ga takalmin baƙo ba."

Na nuna mata salular. Ta zauna a bakin ƙofa da kabarta, ta ce in tambaye shi maganin ciwon gwiwa. Ya yi bayani, ya ƙare da cewa ta ga lokotoro.

"Yana da ladabi," in ji ta. "Biyansa kake?"

"Rezo nake biya, Inna, wato kamfanin waya."

"To ni ma ka biya ni, in taya ka hira. Ganyen shayi da sukari."

Na ɗauka wasa ne, amma na aika aka sayo. Da la'asar sai ga ta da gawayi da ƴar buta. Ƙanenta, mai kawo albasa daga Tabelot, ya shigo ya zauna, sai maƙerin azurfa na maƙwabta. Suka yi ta dariya ganin yadda nake yamutsa fuska da kofin farko mai ɗaci. Washegari ma suka dawo.

Ban bar salular ba. In sun tashi nakan koma mata, har maƙerin ya riƙa sa ni in tambayo masa yadda zai amsa wa masu sayen kayansa da Faransanci.

Da ƙafar ta warke ban koma rami ba. Ƙanen Inna ya samo mini aikin ɗinkin buhunan albasa a tasha, aikin zaune. Ina ɗan ɗingishi, amma ina kai kaina masallaci, kuma har yau a gidan nake.