Keke na Bakwai a Siton Baba Mai Taya

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, kafintan da ke maƙwabtaka da shagonka ya kira ni a waya ya ce Allah ya yi maka rasuwa. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ya ce shirun da ya ji ne ya yi yawa, ya leƙa, ya tarar da kai zaune a benci ka jingina da bango, sifana a hannunka. A gabanka akwai keken guragu da ka kifar kana gyara, tayarsa ɗaya tana juyawa a hankali. Likitan da ya duba ka ya ce ka fi awa guda da cikawa. Kafinta bai yi masa gardama ba. Ni kaɗai ya faɗa wa zancen tayar, muryarsa ƙasa ƙasa.

Shekara goma sha tara muna tare a ƙungiyarmu ta hidimar al'umma, ni ina sakatare, kai kana aikin da ya fi na kowa. Duk Laraba da yamma mukan hau benen da ke saman kantin littattafai mu zauna a kujerun roba. Mai kemis ya kawo rahoton gangamin ba da jini, lauya ya karanta wasiƙun gidan marayu da na makarantar makafi, Malama Shugaba, wadda ke riƙe da makarantar firamare ta unguwa, ta kawo sunayen iyalan da ke buƙatar tallafi. Kai kuwa kana can kusa da ƙofa, hannu duk giris. Aikinka shi ne bin asibitoci ka kwaso kekunan da suka lalace aka watsar a bayan gini, ka yi musu walda, ka sa taya da birki, mu kuma mu raba wa mabuƙata. Shi ya sa muka sa maka Baba Mai Taya, har jikokinka suka kama.

Mun sha yi maka tsiya cewa ba ka san fuskar kowa ba, ƙafafun mutane kawai kake kallo. Kakan yi murmushi ka ce, "Fuska tana ɓoye abu, Sakatare. Tafiya ba ta iya ba."

Ba zan manta shekarar da ka ɓata sati biyu kana ƙera wani ɗan ƙaramin keke ba, alhali ba wanda ya nema, ga manya suna jira. Ciyaman ɗin ƙungiya ya yi maka faɗa a gaban kowa, ka sunkuyar da kai, ka koma kan aikinka. Bayan sati uku gidan marayu suka rubuto cewa an kawo musu yarinya 'yar shekara biyar da ba ta tafiya. Da aka ɗora ta, ko ƙusa ɗaya ba a sassauta ba. Na tambaye ka yadda aka yi, ka ce, "Hannuna ne ya ga dama." Muka yi dariya.

Mako guda bayan rasuwarka babbar 'yarka ta kawo mini makullin siton da ke bayan shago. Muka je mu uku da rana tsaka, ni da mai kemis da Malama Shugaba. Kekuna bakwai muka tarar a jere, an goge su tas, kowanne da takarda manne a bayansa da rubutunka mai karkata. Biyar na farko sunayen da ke jerin masu jira ne. Na shida an rubuta, "Malama Shugaba." Tana tsaye kusa da ni a kan ƙafafunta, macen da ke hawa benenmu ba ta ko dafa bango.

Ta ce, "Baba ke nan. Wataƙila yana nufin in kai wa wani a makaranta." Ta yi 'yar dariya, ta fita waje ta ce ƙura ta dame ta.

Na bakwai yana can lungu. Na ƙarasa ni kaɗai na karanta: "Sakatare. Ƙafar hagu." Na ɓare takardar na cusa a aljihu, ban nuna wa kowa ba.

Kwana tara bayan haka Malama Shugaba ta faɗi a barandar makaranta, ɓarin jikinta ya shanye. A keken da ka ajiye mata aka fito da ita daga asibiti. Har matashin hannu ka ƙara masa a gefen dama, gefen da ya mutu.

Washegari na tafi wurin likita. Akwai wani ɗan miki a ƙarƙashin babban yatsan ƙafata ta hagu da ya yi wata biyu bai warke ba, ba ya ciwo, ko maiɗakina ban faɗa wa ba. Kai kuma ba ka taɓa ganina ba takalmi ba. Likita ya auna jinina, ya daɗe yana duban ƙafar, sannan ya ce ciwon suga ne ya yi nisa, da na ƙara sati biyu da maganar yankewa muke yi. Ya tambayi wanda ya turo ni. Na ce wani abokina ne mai walda.

Yanzu ina shan magani, ana wanke mikin kowane kwana biyu. Likita ya ce akwai alamar nasara, amma bai yi mini alkawari ba. Mai kemis ya ce ba wani abin mamaki, shekara arba'in kana kallon yadda mutane ke taka ƙasa, dole idonka ya ga abin da namu bai gani ba. Na yarda da shi yawancin lokaci. Allah ne masanin gaibu, kai ma ba ka taɓa da'awar komai ba. Abin da na sani shi ne ka ga abu, kunya ta hana ka faɗa mana a fuska, sai ka yi abin da ka iya da hannunka.

A taron Larabar da ta wuce na fito da takardar na ajiye a tebur. Na ce a ba wani mabuƙaci keken nan, tunda akwai masu jira. Ciyaman ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Bari dai likita ya sallame ka tukuna." Ba wanda ya yi dariya. Keken yana nan a lungu, makullin yana aljihuna.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya gafarta maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sa nauyin da ka ɗauke wa bayinsa ya zama nauyi a mizaninka. Ya ba Malama Shugaba lafiya, da dukan marasa lafiya. A madadin ƙungiya ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka, da 'ya'yanka biyar, da jikoki, da kafintan da har yau bai iya kallon ƙofar shagonka ba. Allah ya ba su haƙuri, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.