Matar da ke Bayan Kamiyo

Karatuna bai wuce aji biyu na lakwal ba, wato makarantar boko. An kore ni ne don na zana hancin mushe, malaminmu, a bango, kuma abin takaici ya yi kama. Daga nan na faɗa sana'ar fentin motoci a tashar Gaya, inda manyan kamiyo ke jeruwa suna jiran duwan, wato 'yan kwastan, kafin su haye gada zuwa Benin. Zaki nake yi a allon baya, da mafarauci, da "Allah ya kiyaye" a ƙasa. Direbobi sun ce zakina ya fi kama da akuyar da aka ƙwace wa dusa, amma ba su daina zuwa ba, don ko akuya ce sun san abin da suke kallo.

Wanda muke rumfa ɗaya da shi Badendi ne, ɗan masunta, Hausarsa ta kasuwa. Ya fi ni hannu nesa ba kusa ba, sai dai ba ya jin magana. In aka ce ya zana mace, sai ya yi mata fuska biyu a haɗe, ɗaya tana kallonka, ɗaya ta kau da kai, ga kunci kore kamar ganyen yakuwa.

Na ce, "Kai Badendi, wannan mota ce ta buge ta?"

Ya ce, "Bahaushe, kai ba ka da ido. Kana zuwa a mota ka ga gaban mace, kana wucewa ka ga gefenta. Ni duka na gani, duka na sa."

Masu motoci ba su ɗauki wannan bayani ba. Yana gamawa sai su sa a shafe.

Akwai wani tsohon mushe ɗan Dioundiou da ke zuwa shan shayi rumfarmu. Wata rana ya zo da littafi cike da hotuna, ya ce aikin wasu Turawa ne na zamanin kakanninmu. Su ma haka suke karkarya fuska, su shafa wa doki shuɗi. Ya ce an yi musu dariya, an kira su mahaukata, wasunsu da yunwa suka kwana. Abokina ya daɗe yana buɗe shafi da yatsu masu fenti, mushe yana cije leɓe. Can ya tambaya, "To yanzu aikin nasu yana ina?" Mushe ya ce yana cikin manyan gidaje, da masu gadi, ko taɓawa ba a yi. Abokina ya rufe littafin ya ce, "Su a bango suka rataye nasu. Nawa yana da taya." Muka yi dariya, amma tun ranar ban ƙara ganin ya yi gardama da mai mota ba.

Zazzaɓi ya ɗauke abokina wata damina. Sana'ar ma ta bi shi, don yanzu na'ura ke buga hoto a leda, a manna. Cikin duk aikinsa mace ɗaya mai fuska biyu ce ta tsira, a motar wani Alhaji ɗan Bengou da rowa ta hana shi sake fenti. Da motar ta mutu aka ja ta wurin masu yanka ƙarfe, na je na roƙi allon, na ɗoro shi a amalanke har ƙofar gida.

Uwar 'ya'yana ta tare zaure. Ta ce, "Malam, ba a gidan nan ba. Hoto mai fuska ɗaya ma mala'iku ba su shiga, balle mai biyu."

Ban iya gardamar mala'iku ba. Na jingina allon a bayan katanga, na juya fuskar ga bango don kada yara su karce, na rufe da tsohuwar tabarma. Na yi ta neman wanda zai karɓa. Mushe ya riga ya rasu. Wanzami ya ce za ta kori masu aski. Mai shayi ya ce in itacen yana da kyau a yi masa benci.

Bana idona ya fara hazo, sai na ce bari in kwafe matar a kan kwanon rufi tun ina gani. Na yaye tabarmar, na kama allon, na ji shi babu nauyi. Gara ta cinye katakon daga ciki, ta bar fentin kawai yana tsaye kamar ɓawon albasa. Ina juya shi ya zube a ƙafafuna.

Matata ta leƙo ta ce, "Akwai na hura wuta?" Na ce babu.

Kwanon yana nan a jingine, na riga na shafa masa fari. Kullum in na ɗauki buroshi sai in tsaya: fuskar ta biyu, hagu ta juya ko dama? Na manta, kuma duk Gaya babu wanda ya taɓa kallonta sosai da zan tambaya.