Alhaji Ya Shayar da Kwamfutata Rubutu

Jama'a, yau an kashe mini kwamfuta ina ji ina gani!

Alhaji Mamman dillalin kifi ya zo shagona nan Yelwa karɓar saƙon imel daga abokin cinikinsa na Onica. Na jona kwamfuta da layin waya, saƙo ya sauko, sai ga ƙugiyoyi da zane-zane, babu harafin kirki.

Ya zabura. "Hatimi ne! Jifana aka yi!"

Na ce, "Alhaji, saitinmu da nasu ne ya saɓa, bari in gyara."

"Da kai aka haɗa baki, munafuki!"

Ya fice, ya dawo da kwanon rubutun malaminsa, ya sheƙa wa kwamfutar. Tartsatsi! Hayaƙi!

Na shaƙo wuyan rigarsa. Buɗar bakinsa sai cewa ya yi, "Ka ga sammun ya ƙone. Ko godiya babu?"