Malama Zulaihatu, Mai Kwasar Lakar Rafinmu

Duk ranar Asabar, motar farko daga Kano ita ke sauke Malama Zulaihatu a Zakirai. Ba ta doguwar gaisuwa. Sai ta yi ɗamara da mayafi, ta gangara rafi da kwalabenta, ta kwashi baƙar laka inda ruwan kamfanonin rini da jima yake kwantawa. An daɗe ana cewa karatu ne ya taɓa ta.

A ɗakin gwaje-gwaje na jami'a take aiki. Ta ce a cikin lakar akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, suna fitar da wani sinadari mai ɗauke da jan ƙarfe, wanda yake cinye launi. Aikinta shi ne ta riƙa ba shi abu ɗaya bayan ɗaya, ta ga wanne zai ci, wanne zai ƙi. Shekarun da aka rufe jami'a wata da watanni, ba wuta ba man janareta, gidan mahaifiyarta ta kwaso su, ta jera kwalaben cikin randa a kan jiƙaƙƙen yashi. Hure mai ƙosai ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mai renon laka ba.

Lokacin ina takaba. Mijina Iliyasu ya rasu da ciwon ƙoda, bayan ya ƙare rayuwarsa tsaye cikin rafin nan yana ban ruwa. Ɗanmu Usaini ya gaji lambun, da shi muke ci.

Wata rana Malama Zulaihatu ta nuna wa manoma kwalbar ruwan da ya shiga baƙi ƙirin ya koma garai-garai. Maza suka yi kabbara. Usaini ya shigo da murna, wai an samo maganin rafi, gobe zai koma shiga ruwan da ya ƙaurace wa tun rasuwar mahaifinsa. Sai ga ta a bayansa, ta durƙusa a bakin tabarmata.

"Yaya, launi kawai ya ci. Shuɗi yana cinyewa, ja a hankali, amma gubar da ke zuwa daga wajen jima ko taɓa ta ba ya yi. Tana nan cikin kwalbar. Kada ki bari ya sake shiga."

Na tambaye ta ko ruwan ne ya kashe Iliyasu. Ta ce ba ta gwada ba, kuma ba ta faɗin abin da ba ta gwada ba. Na ji haushinta, na juya mata baya.

Zulaihatu, ke ce kika yi shekaru ana miki dariya, ranar da aka fara yaba miki kuma kika tsayar da yabon da bakinki. Har yau abin yana ba ni mamaki.

Usaini ya haƙa rijiya a tudu. Lambun ya ragu da rabi, amma ɗana yana nan da ƙafarsa.

Wannan watan take ajiye aiki. Allah ya saka miki, ya sa ki gama lafiya. Ku kuma masu ilimi, idan kun zo mana da magani, ku faɗa mana inda ya tsaya.